Fim Ɗin Sulu na Ɗan Fari

Ni da yayana mun yi shekaru muna ɗaukar bidiyon biki a Jalingo. Shagonmu yana unguwar Sintali, ɗan ƙuƙut ne, an matse shi tsakanin mai gyaran waya da wata mata mai sayar da kunun gyaɗa. Ranar ɗaurin aure shi ke tsayawa wajen maza, ni kuma in rataya kyamara in kutsa cikin gida wajen mata, inda namiji ba ya shiga. In mun dawo ni ce mai zama gaban kwamfuta in haɗa hotunan, shi yana bayana yana surutu, a cire wannan a sa wancan, har sai na ce masa ya fita ya ba ni wuri. Hamma nake ce masa, kamar yadda ake kiran wa a gidajenmu. Kullum muna faɗa, amma ban taɓa cin abincin rana ba sai tare da shi.

Shi ne ɗan farin mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada. Ana yaye shi aka ɗauke shi aka kai wa kakanninmu a rugarsu can kan dutsen Mambila, don haka al'adarmu take, ɗan fari na kakanni ne. Bai dawo gidanmu ba sai da muryarsa ta fashe. Saboda a can ya tashi, ko Dada ba ya ce mata, Adda yake ce mata, wato yaya, yadda ya ji ƙaninta yana kiran ta. Ita kuwa ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon sa ido cikin ido, ba ta zama inda yake zaune in da mutane. In tana da saƙo ni take ba wa. Ki faɗa wa mutumin naki abincinsa na rufe. Ki tambayi mutumin naki ko ya ga mai gyaran famfo. Alhali yana tsaye a tsakar gidan, kunnensa na ji.

Da ina ƙarama na ɗauka ba ta son sa ne, har daɗi nake ji a raina wai ni ce ta gaban goshi. Sai da na fara taya ta rabon abinci na ga inda tsokar nama mai kyau take tafiya. A ƙasan kwanonsa take binne ta, ta rufe da tuwo, kada kowa ya gani. Kunyar ɗan fari ce, pulaku ne, kunyar nan tamu ta Fulani, duk unguwa an sani, shi ma ya sani. Amma sani daban, abin da rai ke so daban.

Ciwon ya fara ne da kasala, sai idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Likita ya ce hanta ce, kuma ta yi nisa. Ina wurin aka faɗa. Muna fitowa ya ce mini in yi shiru da bakina a gida, na ce to, duk da na san Dada ba yarinya ba ce, tana da ido. Ya ci gaba da zuwa aiki, sai dai ya koma ɗaukar hoto a zaune.

Wata rana da rana muna shago babu aiki, yana ta latsa waya, sai na ji ya fashe da dariya. Ya miƙo mini. Wasu Turawa ne a kan wani dutse da ƙanƙara ta rufe fari fat, sun ɗaure ƙafafunsu a kan dogayen katakai suna sulalowa ƙasa, suna karkata hagu da dama. Ya ce ai wannan wasansu ne na yarinta, su ma sun yi. A kan dutse, in sanyi ya kama, raɓa ta kwanta a kan gajeriyar ciyawar da shanu suka kiwace, sai yara su samo tsohon ƙirgi, wato busasshiyar fatar saniya, su hau kansa su sulalo tun daga ƙoli har kwari. Matsorata a zaune, masu zuciya a tsaye. Ya ce a zamaninsa babu wanda ya kai shi tsayuwa. Na ce ai dama ba a rasa ka da cika baki.

Kwana biyu bai sake zancen ba, sai ga shi da wasu katakai guda biyu irin na Turawan nan da ya sa kafinta ya fere masa. Wai fim za mu yi. Ba na biki ba, fim na gaske, na sulu, a can rugar kakanni. Na dube shi sama da ƙasa. Na ce mutumin da ba ya iya tsallaka kwata sai ya huta shi ne zai hau dutse? Kuma wa zai kalli gardawa suna wasan yara? Na faɗi maganganu da yawa ranar, har mai kunun gyaɗa ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Ya bari na gama tas, sannan ya yi magana a hankali.

"Adda ba ta taɓa ganina ina wasa ba. Ko sau ɗaya. Da girmana ta san ni." Ya ƙara da cewa, "Kin ga yadda take zama ta ƙura wa bidiyon bikin mutane ido? Ai ba a jin kunyar talabijin. In ina ciki za ta kalle ni."

Na shiga bayan labule na yi kukana, na fito na ce masa katakan nan nasa ba za su yi komai ba.

A gida muka ce wa Dada da matar Hamma mun sami aiki a kan dutse. Dada ba ta tambayi ko bikin wa ba ne. Da safen tafiya ta fito da barguna biyu ta ajiye a kan jakata, ta ce in riƙe, can da sanyi. Ɗaya daga ciki sabo ne dal, ko ledarsa ba a cire ba. Na san ba nawa ba ne. Hamma ya durƙusa daga nesa ya ce sai mun dawo, ta amsa tana kallon kajinta.

Tafiyar ta ba shi wahala. Muka wuce Bali, muka wuce Serti, mota ta fara hawan hanyar nan mai lanƙwasa wadda in ka leƙa ta taga sai ka hango kwari can ƙasa. Daga inda mota ta tsaya muka hau mashin, daga inda mashin ya gaza muka taka da ƙafa, jakin kawu na ɗauke da kayan aiki. Kawun nan shi ne ƙanin Dada, shi ya rage a rugar bayan rasuwar kakanni. Ni da aka haifa a zafin Jalingo ban taɓa sanin akwai irin wannan wuri a jiharmu ba. Tudu bayan tudu, babu itace sai jefi-jefi, babu gida, babu sabis na waya, sai shanu da iska. Da asuba in ka sa hannu a ruwan alwala sai ka ji kamar an sare maka yatsu. Gajimare kuwa a ƙasanka yake kwana, cikin kwari, kai kana sama kana kallon sa.

Kawu da ya ji abin da ya kawo mu ya riƙe haɓa. Ya ce shi dai ya san birni na lalata mutane, amma bai san har ta kai mai iyali ya yi tafiyar nan don ya ja gindi a ciyawa ba. Duk da haka shi ya shiga rumbu ya zaƙulo mana tsofaffin ƙiraga, shi ya aika aka kira abokan wasan Hamma daga rugagen da ke kusa. Suka zo, manya da su, wasu har da furfura a gemu. Da suka gan shi dariyarsu ta ɗan tsaya, don babu mai ido da zai kasa ganin ciwon. Amma nan da nan suka wartsake. Suka hau tsokanar sa da Fulatanci, wai ɗan birni ya dawo neman haƙoran da ya zubar a gangaren nan.

Katakan nan kuwa, ai na faɗa. Hawan farko bakinsu ya cake a ƙasa, suka wurga Hamma gefe, ya tashi da ciyawa a baki. Kawu ya ɗauke katakan ya kai murhu, da su aka dafa mana shayi. Aka koma wa ƙirgi. A nan na ga yadda ake yi. Gashin ake kifawa ƙasa, wajen wuyan fatar ya fuskanci gangare, don gashin ya kwanta baya ya yi santsi. In ka juya shi, ko taku ɗaya ba za ka yi ba. A huda gaban a zura igiya, mutum ya riƙe, ya ɗan durƙusa, ya ba da nauyinsa baya. In raɓa ta bushe an tashi wasa ke nan, sai kuma gobe. Don haka aikinmu duka na sassafe ne, kafin rana ta ɗaga.

Sanyi ya zame mini abokin gaba. Batirin da ke yi mini wunin biki guda, a can kafin in gama saita kyamara ya mutu. Sai na koma ɗaure batiran a cikin zani, a jikin cikina, in ciro ɗaya in sa lokacin da za a fara. Gilashin kyamara ya yi ta yin gumi, ina gogewa da bakin mayafi ina tsaki. Da rana mu shimfiɗa ɗan faifan sola a kan bukka, mu yi ta addu'a kada gajimare ya taso.

Babban faɗanmu a kan fuska ne. Hamma ya zo da fararen manyan riguna da fararen rawuna cikin buhu, na aro. Yana so kowa ya sa fari, ya naɗe fuska saboda iska, ni kuma in tsallaka kwari in hau tudun da ke fuskantar su, in ɗauko su daga nesa. Su fito daga ƙoli ɗaya bayan ɗaya, iska ta cika rigunan, su sulalo har su nutse cikin gajimaren da ke kwance a ƙasa. Babu magana a fim ɗin, babu kiɗa, sai ƙarar ƙirgi a kan ciyawa da kukan shanu. Na ce wannan wane irin aiki ne? A sana'armu fuska ce komai. Matar da ta zo biki ba ta ga fuskarta a bidiyo ba, har shago take biyo mu da masifa. Ya ce wannan ba biki ba ne. Na ce to ai naka ya fi na biki bukatar fuska. Ya ce in yi abin da ya ce kawai, shi ne babba. Na yi nasa, amma na yi nawa. Duk sanda suka huta sai in matso in ɗauke shi kusa, yana dariya, yana gyara igiya, yana hura hannu.

Gaskiya kuwa abin ya yi kyau. Ko ni mai gardama, ranar da na fara ganin su ta cikin kyamara suna gangarowa, rigunan sun buɗe, sai da tsigar jikina ta tashi. Sai dai ni ina ganin abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Kowane hawa, sauran su kai ƙoli su zauna jiran sa. Yana tafe yana tsayawa, ya dafa gwiwa, wani lokaci ya zagaya bayan dutse ya yi amai ya goge baki ya fito yana murmushi. Abinci ba ya zama masa, sai ɗan kindirmo. Kuma ya kasa tsayuwar da ya yi ta cika baki a kanta. Ya miƙe, ƙafa ta yi rawa, ya zauna. Na ce masa a zaunen ma ya isa, mu tafi gida. Ya ce a zaune kowane yaro ma ya iya, shi ba a zaune yake so a gan shi ba.

Safiyar da ya tsaya, raɓa ta yi nauyi har ciyawar ta yi fari. Sauran duka suka sauko, shi ne na ƙarshe. Na gan shi can sama ya miƙe, ya ja igiya. Na riƙe numfashi ina jiran ya zauna kamar kullum. Bai zauna ba. Ya taho, ya karkata ya kauce wa wani dutse, ya sake karkatawa, rigar ta cika da iska, yana tsaye cak. Daga tsallaken kwari na jiyo dariyarsa. Ban taɓa jin ya yi irin ta a Jalingo ba. Haka ya shige cikin gajimare a tsaye, abokansa na ihu.

Kafin in sauko in zagayo, na same shi kwance a gindin gangaren, ya kasa tashi. Bai ji rauni ba, ƙarfin ne kawai ya ƙare. Abin da ya fara tambayata shi ne ko batir bai mutu ba. Na ce bai mutu ba, na ɗauka duka. A kan ƙirgin nan abokansa suka ɗora shi, suka kama gefe-gefe suka kai shi ruga. Kawu ya zauna kusa da shi ya yi ta shafa masa kai kamar ƙaramin yaro, ni kuwa na fita waje don ba zan iya kallo ba. Da ya ɗan farfaɗo muka kamo hanyar gida.

A shago muka zauna haɗa fim. Ya kwanta a benci, ni ina gaban kwamfuta. Hotunan nesa ya yi ta sa ni ina maimaitawa, yana murna. Da muka zo kan waɗanda na ɗauke shi kusa sai murnar ta ɗauke. Kyamara ba ta da kara. Idon nan ruwan ɗorawa, kumatu sun zurma, wuya ya zama siriri cikin rawani. Shi da ba ya duba madubi tun da ciwon ya yi tsanani, ranar ya ga kansa. Ya ce in cire. Na ce ba zan cire ba, don su aka yi tafiyar. Ya ce in cire duka. Na ce wallahi sai dai ya tashi ya cire da kansa.

"So kike ta zauna ta kalli gawa tana wasa?" in ji shi. "Yaro nake so ta gani."

Na yi fushi na fita na bar masa shagon. Kafin in dawo ya lallaɓa ya hau kujerata ya goge su. Katin kyamara kuwa dama mun riga mun wanke shi mun yi wani biki da shi, don haka muke yi, ana juye aiki a kwamfuta ake share kati a shiga na gaba. Na yi masifa har muryata ta dishe. Ya ce in na gama in zo mu ƙarasa. Fim ya fito babu fuskar kowa, sai tuddai da gajimare da fararen riguna.

Mu a sana'armu, in an gama aiki taro ake yi a kalla. Ba mu san wata hanya ba. Amarya ta tara ƙawayenta, a cika ɗaki, a yi ta shewa ana nuna juna. Haka Hamma ya yi da nasa. Ya gayyaci mai gyaran waya, ya gayyaci mai kunun gyaɗa, ya aika wa maƙwabtanmu da muka ɗauki bikin 'yarsu a coci. Da la'asar aka fito da talabijin tsakar gida, aka ta da janareta, kuma a Sintali ƙarar janareta ita ce gayyata, wanda ba a kira ba ma ya shigo. Aka shimfiɗa tabarmi. Aka zaunar da Hamma a kujera da matashi a bayansa, ya sa sabuwar hula. Ko ni ko shi, babu wanda tunaninsa ya kai inda ya kamata ya kai. Murna ta rufe mana ido.

Dada ta fito ta zauna bakin ƙofar ɗakinta, a zatonta bikin da muka je ɗauka ne. Da tuddan suka bayyana na ga ta miƙa wuya. Ta gane wurin. Ta faɗi sunan rafin da ke ƙasan rugarsu, ta ce wa matar da ke kusa da ita a nan suke wanke ƙore suna 'yan mata. Hamma bai kalli talabijin ba ko kaɗan, ta wutsiyar ido yake kallon ta. Masu fararen riguna suka fara saukowa, yara na tsalle, manya na dariya. Sai wata maƙwabciya da ta ji labarin a shago, da zuciya ɗaya, ta ɗaga murya.

"Dada, buɗe ido da kyau, ɗanki na fari zai sauko! Don ke ya yi!"

Duk tsakar gidan aka juyo ana kallon ta. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta ce ta bar tukunya a wuta. Ta tashi ta shige madafa. Ni na san babu komai a wuta, don ni na kashe murhun da hannuna. A cikin fim ɗin Hamma ya sauko a tsaye, ya shige gajimare, aka yi ta tafi. Ya taya su dariya, ya amsa barka da hannu biyu. Da mutane suka ce a maimaita, ya ce man janareta ya kusa ƙarewa. Ya cire hular ya riƙe a hannu, ya ce in taimaka masa ya shiga ɗaki.

Na sami Dada a madafa tana tsintar shinkafar da ba ranar za a dafa ba. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na faɗa mata yadda ya hau dutsen nan yana amai, na faɗa mata don wa ya yi. Ta ce a gaban mutane? In ni ba ni da kunya, ita tana da ita, haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi. Na ce mata mutuwa fa zai yi.

"Na riga ki sani," ta ce. Ba ta ɗago ba, amma na ga shinkafar tana jiƙewa a faifai.

Bayan kwana biyu na ce mata in kawo mata fim ɗin ɗaki ta kalla ita kaɗai. Ta ce yana cikin gidan, zai ji ƙara, zai san tana kallo, a bari ya ji sauƙi tukuna. Na koma wajensa na ce zan kai mata a waya ko tana so ko ba ta so. Ya ce kada in kuskura. Abin da aka tilasta ba kallo ba ne, in bar ta, da kanta za ta tambaya. Na tsaya tsakaninsu kamar wadda aka ɗaure, kowa na jiran kowa. Na ji haushinta, na ji haushinsa, na ji haushin al'adar gaba ɗaya, kuma har yau ban huce duka ba.

Jikin ya ci gaba da tsananta. Dada ke dama masa kunu, ita ke wanke kayansa da hannunta, ba ta yarda matarsa ta taɓa ba. Amma ni ke kai kunun. In masu dubiya sun cika ɗakin, sai in gan ta tsaye a bayan taga, ta waje, kamar mai shanya. Sau ɗaya ya tambaye ni, muryarsa ta yi ƙasa sosai, ko ta tambaya. Na so in yi masa ƙarya, na kasa, don ya san fuskata. Na ce tukuna. Ya ce ba komai, akwai lokaci. Da hantsi ya cika, wata ranar Talata, ina riƙe da kofin ruwansa.

A zaman makoki Dada ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Mata suka yi ta yaba haƙurinta. Ni kuwa ko gaisuwar kirki ban iya amsawa ba. Na rufe shago, na daina taɓa kyamara.

Sai da baƙi suka watse, matarsa ta tafi gidansu takaba, gida ya koma daga ni sai ita. Wata rana bayan azahar, an kawo wuta, ina kwance, ta tsaya bakin ƙofata ta ce in tashi in kunna mata abin nan. Ta ce in sa sakata a ƙofar gida. Na sa. Na shigar da talabijin ɗakinta na kunna. Na tashi zan fita in ba ta wuri, ta ce in zauna.

Ta jawo kujerar tsugunno ta zauna dab da gilashin. Tuddai suka wuce, ba ta ce komai a kan rafin ba wannan karon. Fararen riguna suka fara saukowa. Tana bin kowanne da ido tun daga ƙoli har ya ɓace, sannan ta koma sama ta jira na gaba. Ko ƙiftawa ba ta yi. Aka gama, gilashi ya yi baƙi. Ta daɗe a haka, sannan ta juyo ta dube ni.

"Wanne ne shi?"

Na mayar da fim ɗin baya, na kai kan na ƙarshe. Na ce ga shi nan, wanda yake tsaye. Daga tudun da na ɗauko shi, tsawonsa a gilashin bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓawa. Ta tambaya ko babu inda aka matso kusa. Na ce babu. Ta ce ko wuri ɗaya? Na ce ko ɗaya, Dada.

Ta ce in ƙara murya. Na ƙara. Can ƙasa-ƙasa, cikin iska, dariyar ta fito. Ta dafe baki da mayafi, kafaɗunta suka fara girgiza. Da ya kusa shiga gajimare ta ɗaga hannu da sauri ta ce in tsayar da shi, kada ya shige. Na tsayar. Ta ce in bar shi haka, in je in yi abin da nake yi. Na ja mata ƙofa na fito tsakar gida na zauna a ƙasa.